Madinar da Yaya Ya Kawo wa Inna

Ni dai tun ranar da aka shigo da hoton nan gidanmu hancina ya gaya mini akwai magana. Ba don na fi kowa wayo ba. Ni ce mai shafa wa ƙofar ɗakina fenti duk Sallah, saboda haka na san warin sabon fenti ko a ina na ji shi. To, ga hoto an ce tsoho ne tukuf, ya girmi kakanninmu, amma yana tashin warin ƙofar shagon da aka gama shafewa jiya a kasuwar Mokolo. Ta ina haka za ta yiwu?

Gidanmu a unguwar Briqueterie yake cikin Yawunde, can ƙasan gangare inda ruwan sama ke taruwa ya bar mana jan taɓo har bakin zaure. Zamanin shugaban ƙasa na farko ne, lokacin da kowane shago sai ka ga hotonsa a rataye, mutum kuma sai ya waiwaya kafin ya buɗe baki. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa. Mu biyu muka rage wa Inna: Yaya, ɗanta na fari, da ni auta. Aurena ya mutu, na dawo gida da keken ɗinkina, na zama ni ce mai dafa mata, mai wanke mata, mai danna mata ƙafa idan sanyi ya motsa.

Masu hali a unguwa sun riga sun fara hawa jirgin sama zuwa Makka. Yaya ba shi da wannan halin, tireda ce gare shi ƙarama. Sai ya ce shi zai bi ta ƙasa kamar mutanen da, ta garin Fort-Lamy zuwa Sudan, yana aiki yana ƙara gaba. Kafin ya tashi Inna ta aike ni Mokolo na yanko mata farin alawayyo. Ni na auna shi, ni na yanka da almakashina. Likkafaninta ne. Haka tsofaffinmu suke yi: wadda ta san ƙafarta ba za ta kai ba, sai ta aika da likkafaninta a wanko mata shi da ruwan zamzam, ta ajiye har ranar da za a naɗe ta a ciki.

Inna ba ta kallon Yaya ido da ido, ba ta kuma taɓa kiran sunansa ba, kunyar ɗan fari. “Yaron nan” take ce masa har ya yi furfura a gemu. Ranar tana kallon bango ta miƙa masa ƙunshin ta ce, “Ka gaishe mini da Ma'aiki. Ka jiƙa mini wannan. Ban ce ka kawo mini komai ba bayan haka.”

Ya tafi, shekaru suka yi ta wucewa. Wani lokaci a ce an gan shi a Sudan, wani lokaci shiru. Idon Inna ya fara yin yana, ƙafafunta suka ƙara nauyi, kullum maganarta ɗaya: kada Allah ya ɗauke ta kafin ƙyallen nan ya dawo. Ba ta ce kafin yaron ya dawo, kunya ba za ta bari ba, amma na san duka biyun take nufi.

Rana tsaka sai ga shi, da farar jallabiya da haƙorin Makka yana walƙiya a baki. Kai, ranar gidanmu kamar zai tsage! Mata suna guɗa, maza sun cika zaure, kowa na son ya taɓa hannunsa. Ya raba dabino da tasbaha da kwalli. Tsofaffi suka zauna suna jiran a zuba musu zamzam a ɗan kofi su kurɓa kamar yadda aka saba, sai ya ce gwangwanin ya fashe a bayan mota a hanya. Kowa ya ce ayya, Allah ya sa haka ya fi alheri. Ni ma na ce ayya, amma na dube shi. Mutumin da ya iso da dabino lafiya lau, da ƙaton hoto ko ƙwarzane babu, sai gwangwanin ƙarfe ne ya fashe masa?

Ya durƙusa gaban Inna ya ajiye mata ƙunshinta, an naɗe shi cikin wata jar darduma, yana ƙamshin turare. Ta ɗora hannu a kai, ta daɗe ba ta ɗauke ba. Sannan ta ce, “Sannu, Alhaji.” Shekara da shekaru matar nan ba ta da abin da za ta kira ɗanta da shi, yau ta samu. Daga ranar nan bakinta bai huta ba. Alhaji ya ci abinci? A kai wa Alhaji ruwa. Ku yi shiru Alhaji na barci. Ta kulle likkafanin a adakarta, ta ɗaure makullin a gefen zanenta.

Daga ƙarshe ya fito da hoton. Ba irin na takarda ba ne da alhazai suke kawowa. Da fenti aka yi shi a kan wani ƙyalle mai kauri, an kewaye shi da katako mai ruwan zinariya da ya fara ɓarewa, fuskarsa duk ta tsattsage kamar faso a diddige. Wani gari ne a kan tudu, da ganuwa da gidajen dutse a kan juna. A tsakiya ga wani ƙaton gini mai ƙubba koriya shar, kusa da shi ga doguwar hasumiya. Daga gindin tudun hanya ta tashi tana lanƙwasa, mutane ƙanana ƙanana suna hawa da sanduna da ƙunshi a kafaɗa, wata mata a kan jaki. Ƙasa kuwa gonaki ne da rafi da gada, da wasu itatuwa dogaye sirara kamar an kafa tsintsiya, da fararen shanu masu dogon ƙaho. Gefunan duk sun yi duhu saboda tsufa.

Wani ya tambaya, “Alhaji, ina ne nan?”

Yaya ya ce, “Garin ziyara ne.” Kafin ya ƙara, wata tsohuwa ta dafe ƙirji ta ce, “Madina! Ga koriyar ƙubba nan!” Aka ɗauki salati gaba ɗaya. Shi kuma bai ce a'a ba.

Aka kafa ƙusa a ɗakin Inna daidai inda take kallo daga gado. Idonta ba ya rarrabe ƙananan abubuwa, amma koren nan tana ganinsa sarai. Ta sa na kwatanta mata sauran. Da na zo kan shanu ta yi dariya ta ce, “Oh, Fulani! Har can sun kai dabbobinsu.” Kullum da hantsi, in ta gama lazimi, sai ta fuskanci hoton ta yi ta salati, wani lokaci ta ɗaga hannu kamar mai gaisuwa. Matan unguwa suka mai da ɗakin wurin zuwa. Har daga unguwar Madagascar ana zuwa kallon Madina a gidanmu, ni kuma ina ta dafa shayi ina cika ina batsewa.

Zan faɗi gaskiya, da haushi a ciki. Ni na yi shekarun nan ina kwashe mata fo, shi ya shigo da haƙori ɗaya ya kwashe albarka. Amma haushi daban, hanci daban. Na lura in aka tambaye shi labarin Sudan sai ya yi ta zuba har a gaji. In aka ce ya batun Arfa, ya jifan Shaiɗan, sai ya ce, “Ai sai wanda ya gani,” ya tashi ya ce zai yi alwala. Mutum ɗaya, alwala kamar agwagwa!

Akwai wata Hajiya, Bafulatanar Garwa, da muka yi maƙwabtaka kafin mijinta ya samu aikin gwamnati su koma unguwar Tsinga. Ita ta je Makka ta jirgin sama. Ba ma shiri da ita, tun wata riga da ta ce na ɓata mata, alhali ita ce ta ƙara ƙiba tsakanin awo da karɓa. Ta zo yi wa Inna barka. Da jin sallamarta Yaya ya sulale ta ƙofar baya. Ta tsaya gaban hoton ta daɗe, ta karkata kai nan, ta karkata can.

Ta ce, “Inna, ni kam ban ga wannan wuri ba. Madina ba tudu. Kuma wannan ciyawa haka?”

Inna ta ce, “Yo ke da aka ɗauke ki a sama aka dire, me za ki gani? Alhaji ta ƙasa ya bi, ta bayan gari ya shiga.”

Matan da ke ɗakin suka kwashe da dariya. Hajiya ta yi murmushi ta ce haka ne, amma da za ta fita ta dube ni, na dube ta. Nan na san ta gano. Ba ta Yaya nake ba, shi ya ji da haƙorinsa. Tunanina yana kan adakar nan. In ƙafarsa ba ta taka Makka ba, to me ke cikin jar dardumar? Alawayyon Mokolo ne kawai da ya sha yawo ya dawo. Tsohuwa kuma ta sakankance, har tana gaya wa mutane ita yanzu ko yau ta shirya.

Na rasa wanda zan gaya wa. A unguwarmu magana in ta fita daga ɗaki da safe, kafin azahar ta isa Mokolo ta dawo da ƙari. Sai na ja bakina na tsuke, ina kallo.

Ana gab da Babbar Sallah na fitar da Inna tsakar gida ta sha hantsi, na shiga share ɗakinta. Na sauke hoton na kai bakin taga, na jiƙa tsumma na fara gogewa. Hayaƙin shekaru ya riƙa fita baƙi ƙirin. A kusurwar ƙasa akwai wasu dabbobi da duk muka ɗauka tumaki ne, da makiyayi a bayansu. Na goga, na sake gogawa. Tumaki da guntun ƙafa da dogon hanci da wutsiya a murɗe? La'ilaha illallahu! Aladu ne. Ni da nake wuce su a bayan gidajen mutanen kudu in zan je kasuwa, ba wanda zai koya mini alade. Aladu a hanyar Madina!

Na duba hasumiyar. A 'yar tagarta ta sama ga ƙararrawa a rataye. Cikin masu hawa tudun ga wani da doguwar riga ruwan ƙasa ya ɗaure ƙugu da igiya, sak fadan coci. Na shafa ƙubbar da yatsa, koren ya fi sauran hoton kauri da santsi, ko tsaga ɗaya babu a jikinsa. Na ɗiga kananzir a tsumma na murza samanta kaɗan. Koren ya biyo tsumma, ga gicciye ya fito ƙarami, tsaf da shi.

Na bar tsintsiya a nan na nufi ɗakin Yaya. Yana zaune yana yanke farce. Na rufe ƙofa na ajiye hoton a gabansa.

Na ce, “Yaya, tumakin Madina ne waɗannan?”

Ya duba, ya yi tsuru-tsuru. Ya ce, “Auta, rage murya.”

Na ce, “Ba zan rage ba! Ka sa tsohuwa tana yi wa coci salati, ka ce in rage murya? Ban tambaye ka haƙorinka ba, ban tambaye ka jallabiyarka ba. Likkafanin Inna nake tambaya. Ka jiƙa ko ba ka jiƙa ba?”

Ya daina yanke farcen. Sannan ya ba ni labari, muryarsa ƙasa ƙasa. Ya kai har bakin teku, wani gari da ake kira Musawwa. Masu jirgin ruwan da suka yi alkawarin tsallakar da shi da abokan tafiyarsa suka karɓe abin hannunsu da takardunsu suka ɓace. Zazzaɓi ya kwantar da shi. Da ya tashi sai ya hau Asmara neman aiki, ya zama kukun wani tsohon Bature mutumin Italiya, yana tarawa don ya sake gwadawa. Ya sake gwadawa, aka kama su a bakin ruwa aka koro su. Da Baturen zai koma ƙasarsu ya ba shi hoton nan, ya ce na kakansa ne, wai garin da mutanensu suke takawa da ƙafa zuwa ziyara ne, shi ma Baturen uwarsa ta taɓa kai shi yana yaro. Haƙori a Asmara aka sa masa. Fenti kuwa a tashar ƙarshe ya saya kafin ya shigo Yawunde.

Ya ce, “Ban ce Madina ba ce. Garin ziyara na ce.”

Na ce, “Rufe mini baki! Ƙubbar ita ta shafa wa kanta kore? Likkafani fa?”

Ya ce, “A teku na tsoma shi. An ce mini Jidda tana tsallake. Na shiga ruwa har ƙirji, na fuskanci can, na yi sallama ga Ma'aiki da ƙarfi na ce daga uwata. Iyakar inda na iya kaiwa ke nan, Auta.”

Na so in ji tausayinsa, wallahi na so, amma zuciya ta riga ta ɗebe ni. Na ce ya tashi yanzu ya je ya gaya mata. Ya ce in yanka shi ya fi masa sauƙi. Ya ce, “Kin ji yadda take kirana. In na faɗa, da me za ta kira ni?” Ta taga muna jiyo ta a tsakar gida tana tambayar ko an kai wa Alhaji kunu.

Na tura masa hoton da ƙafa na ce, “Rufe abinka kafin mata su zo.” Ya jawo gwangwanin fenti daga ƙasan akwatinsa. Ashe ma yana nan ajiye da shi, munafuki. Aladun kuwa ni na shafa musu baƙin tukunya.

Aka mai da hoton kan ƙusa. Amma ni barci da ci suka gagare ni. Na gwada dabara, na ce wa Inna ta ba ni makulli in shanya kayan adaka kada su yi fumfuna, damina ce. Ta ce ba mai taɓa mata ƙunshin nan sai masu wanka. Na ce mata ta bari Yaya ya sake komawa da shi ta jirgi in Allah ya hore, a ƙara masa albarka. Ta ce, “Auta, kin ga alamar zan kai baɗi? Abin da aka jiƙa an jiƙa.” Ta ƙara matse makullin a ƙugu.

Sai na yi abin da ban taɓa zaton zan yi ba. Na ɗauki mayafi na hau Tsinga da ƙafa, na yi sallama a gidan Hajiya. Ta bar ni a tsaye ɗan lokaci, ta rama rigarta. Na haɗiye na ce zamzam na zo roƙo.

Ta ce, “Zamzam? Ba gidanku ne da Alhaji ba?”

Na ce, “Nasa ya fashe a hanya.”

Ta dube ni, irin kallon nan na ranar. Na shirya in ta ƙara kalma ɗaya in zazzage mata in fita. Ba ta ƙara ba. Ta shiga ɗaki ta fito da ɗan gwangwani da aka like bakinsa da dalma, bai fi tafin hannu ba. Ta ce shi kaɗai ya rage mata, ta ajiye ne don kanta. Ta sa mini a hannu ta ce, “Ki gaishe da Inna.” Har Hajiya ta bar duniya ban ji maganar a bakin kowa ba, ni kuwa na yi ta kasa kunne.

Na ɓoye gwangwanin a aljihun kekena, ko Yaya ban gaya wa ba. Na yi ta fakon ranar da makulli zai kuɓuce mata, bai kuɓuce ba. Ko wanka nake mata yana hannunta.

Bayan damina jikinta ya yi tsanani. Wata safiya ta ce in ɗaga ta ta ga Madina. Na jingina ta da ƙirjina. Ta daɗe tana kallon koren nan, ta ce, “Ashe haka garin yake da sanyi.” Ta yi salati. Kafin rana ta take ta cika.

Da masu wanka suka zo, ni na kwance makullin daga zanenta. Na buɗe adaka na warware jar dardumar. Ga alawayyona, yankan almakashina, ya yi ɗan tauri, gefensa da farin gishiri. Na shimfiɗa shi a kan tabarma, na huda gwangwanin da tsinken almakashi, na bi shi ina yayyafawa daga kai har ƙafa, ban bar ɗigo ba.

Babbar mai wankan ta ce, “Ke kuwa, ba an riga an wanko shi a Makka ba?”

Na ce, “Ƙari ne. Ko an hana?”

Ta ce ba a hana ba. Suka naɗe ta.

Maza suka ɗauke ta, mu muka tsaya a bakin zaure. Yaya ne ya shiga kabari ya karɓe ta da hannunsa, haka aka gaya mini. Da suka dawo bai zauna cikin masu karɓar gaisuwa ba. Ya ratso mata ya same ni a ƙofar madafa, jallabiyarsa duk jar ƙasa, ya buɗe tafin hannunsa yana kallo.

Ya ce, “Auta, na ji danshi.”

Na ce, “Zamzam ne. Daga Tsinga na roƙo.”

Ya zauna a ƙasa daɓas. Ya ɗaga hannuwan nan biyu ya shafa a fuska, ya sake shafawa, yana kuka kamar yaro, mata suna ta ba shi haƙuri suna cewa Alhaji sai haƙuri. Ya rayu shekaru bayan nan, ana kiransa Alhaji har kabari, Allah bai nufe shi da komawa ba. Iyakar zamzam ɗin da ya taɓa jikinsa a duniya ke nan, wanda ya shafo daga likkafanin Inna.